Yadda Na Raba Mijina da Hayaƙi

Ni malamar lissafi ce a makarantar sakandare, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa sa yaro a gaba na ce sai ya ci jarrabawa ya faɗi ba. Masu taurin kai, masu gyangyaɗi a aji, masu rantsuwa cewa kansu ba ya ɗaukar lamba, duk sun bi ta hannuna sun wuce. Shi ya sa ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjin maigidana, ya nuna mana da bakin biro inda huhun ya fara lalacewa, ya ce ko ya rabu da hayaƙi ko hayaƙi ya gama da shi, ban yi kuka a wurin ba. Kafin mu fito daga asibitin na riga na san abin da zan yi.

Maigidana ɗan kwana-kwana ne. Tun kafin mu haifi 'yarmu ta fari yake aikin kashe gobara, ga shi yau tana jami'a. Shi ke riƙe bakin tiyo, wato duk inda wuta ta kama shi ke fara shiga, sauran su biyo bayansa. A tasharsu Na-gaba suke ce masa, yana kuwa ji da sunan nan fiye da na yanka. Maganar ya ajiye aiki ma ban kawo ta ba, don mutumin da ko hutun shekara sai an kore shi yake tafiya, ɓata bakinki kawai za ki yi.

Hanya ɗaya ta rage, jarrabawar ƙarin girma. Wanda ya ci ya zama jami'in tasha, ya zauna a ofis, ya karɓi kira, ya tura mota, ba ruwansa da shiga wuta. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa tuli, sannan akwai iyakar shekaru. A bana maigidana zai cika su. In ya faɗi, shi da tiyo har ranar da ƙirjin zai ce ya gaji.

Ɓangaren aikin gobara ban ko duba masa ba, wannan ko daga barci aka tashe shi zai amsa. Abin da ke kayar da tsofaffin ma'aikata shi ne takardar gwajin tunani. Na sayo littafin tambayoyin baya, na share teburin falo, na ce masa daga yau duk yammacin da ba ya kan aiki, ni ce malama shi ne ɗalibi.

"Saurara da kyau, Maigida," na ce. "Za a ba ka magana biyu, ka ɗauka gaskiya ne ko ba ka yarda ba. Sai a kawo ta uku, a tambaye ka ko dole ta biyo baya. Ga ta farko: duk direbobi masu haƙuri ne."

"Wa ya ce?"

"Littafi."

"Littafin nan bai taɓa shiga motarmu ba. Direbanmu in mai keke ya tare masa hanya, har kakanninsa sai ya ambato."

"Na ce ka ɗauka."

"To, na ɗauka, amma raina bai so ba."

"Ta biyu: wasu masu haƙuri dogaye ne. Shin dole ne a ce wasu direbobi dogaye ne?"

"Dole mana. Direbanmu sai ya sunkuya yake shiga ƙofa."

Na ajiye biro na dube shi. Da ɗalibina ne da tuni na aika shi bayan aji. Sai na tashi na shiga kicin, na ɗauko faranti da murfin kofi da murfin tukunya. Na ce farantin nan masu haƙuri ne. Na ɗora murfin kofi a tsakiyarsa, na ce ga direbobi, duk suna ciki. Na kifa murfin tukunya a gefen farantin, ya hau bakinsa kaɗan, na ce ga dogaye, wasu masu haƙuri sun shiga cikinsu. Na tambaye shi ko murfin tukunyar ya taɓa murfin kofin.

Ya leƙa ta sama, ya leƙa ta gefe. "Bai taɓa ba."

"An karya maganar farko ko ta biyu?"

"Ba a karya ba."

"To ba dole ba ke nan. Direbanku ya zauna a tasha, ba a gayyace shi cikin tambayar nan ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na tura masa ruwa na jira ya lafa. Daga ranar farantin nan bai koma kicin ba. Shi da kansa yake jan murafan yana gwada su, yana cewa, "In na matsar da wannan nan, maganar ta rushe, ashe ba dole ba."

Wahalar gaske tana ga ɗaya nau'in. A nan tambaya ake yi, a ba ka bayani biyu, amma ba amsar tambayar ake so ba. So ake ka faɗa ko bayanin ya isa a amsa. Zaɓi biyar ne: na farko kaɗai ya isa, na biyu kaɗai ya isa, kowanne shi kaɗai ya isa, sai an haɗa su, ko kuma ko an haɗa ba su isa ba.

Na karanta masa: "Minti nawa famfo zai ɗauka ya cika tankin da babu komai a ciki? Bayani na ɗaya, an faɗi girman tankin. Bayani na biyu, an faɗi abin da famfon ke zubawa a minti."

Kafin in rufe baki ya ja takarda ya fara raba lamba. Na dafe takardar.

"Wa ya sa ka?"

"Ba minti nawa aka ce ba?"

"Ba wanda ya damu da mintin. In ka san girman tanki ka san gudun famfo, za a iya lissafawa?"

"Za a iya."

"Shi ke nan, sai an haɗa su. Wuce gaba. Lokacin da za ka ɓata kana rabawa, wani ya amsa tambaya uku."

Ya ce bai taɓa ganin aikin da ake kai shi bakin gamawa a bar shi ba. Na ce yau ya gani.

Sai muka zo kan wadda ta kusa haɗa mu faɗa. "Shin akwai mutum a cikin shagon? Bayani na ɗaya, fitilar shagon tana kunne. Bayani na biyu, ƙofar a kulle take ta waje."

"A fasa ƙofar," ya ce.

"Babu shi a cikin zaɓin."

"To akwai mutum."

"Ta yaya ka sani?"

"Malama, na taɓa fito da mai gadi daga shagon da aka garƙame ta waje da kwaɗo biyu. Mai shagon ke kulle shi a ciki ya tafi gida. Na kuma fasa wani mai fitila da rediyo a kunne, ban samu ko kyanwa ba."

"Ka ga kuwa da bakinka ka faɗi amsar. Zai yiwu akwai, zai yiwu babu. Ko an haɗa ba su isa ba."

Ya girgiza kai. "A wurinmu babu wannan. In ba ka sani ba, akwai mutum. In ka tsaya kana cewa bayani bai isa ba, gawa za ka ɗauko."

A nan na gane inda cutar take. Ba rashin kai ba ne, aikin ne ya hore shi haka. Shekara da shekaru an koya masa cewa duk abin da bai tabbata ba, ya ɗauki mafi muni ya shiga. Na sassauta murya na ce, "Mai tiyo haka zai yi, kuma daidai ne. Amma wanda ke tura mai tiyo fa? Shi dole ya raba abin da aka faɗa masa da abin da yake zato. In mai kira ya ce wuta a bene, sai ya san ba a faɗa masa hawa na nawa ba, ya tambaya kafin ya zaɓi tsani. Shi ake nema a takardar nan."

Ya juya murfin kofi a hannunsa. Can ya ce, "Akwai jami'in da ya taɓa tura mu da gajeren tsani." Sai ya jawo littafin gabansa.

Daga nan abin ya buɗe. Mutumin da ke faɗuwa rabi ya koma sai ya yi shafi guda kuskure ɗaya ko biyu. Har ya fara yi mini da kayana. In na ce makwabciya ba ta gaishe ni ba, fushi take da ni, sai ya ce, "Bayani bai isa ba, Malama." Na kira 'yarmu a waya na ce ta fara shirin taya babanta murna, don ni na san ɗalibin da zai ci tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.

Ana saura 'yan makonni wata ma'ajiyar katifu ta kama da wuta. Ya dawo gida da yamma idanu jajur, yana tofar da baƙin majina, ya zauna a bakin gado yana jan maganin shaƙa, numfashin yana fita da ƙara. Da ya samu kansa ya ba ni labari a taƙaice. Wani sabon ma'aikaci ya nufi tsakiyar ma'ajiyar, shi kuwa ya ji ƙarfen rufin ya fara wani irin kuka, ya fizgo shi ta wuyan riga. Ko taku biyar ba su yi ba rufin ya zube a inda mutumin yake tsaye.

Da ya huta muka koma tebur. Tambaya ta farko ya faɗi. Ta biyu ya faɗi. Muka gama shafin bai ci ko ɗaya ba. Na ce gajiya ce, na rufe littafin. Zama na gaba haka, na bayansa ma haka. Ga shi yana zaune tsaf, yana jan murafai, yana ɓata fuska irin ta mai tunani, sannan ya ba ni amsar da ba ita ba. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa, ya ce, "Tsufa ne, Malama. Kan ya cika."

Washegari ina aji ina duba gwajin ɗalibaina abin ya faɗo mini. Akwai wani ɗalibi da kowa ya san ba ya karatu, rufe ido yake ya dinga zaɓa, amma ga shi ya dace da 'yan kaɗan. Haka abin yake kullum. In zaɓi biyar ne, wanda bai san komai ba sai ya dace da kusan ɗaya a cikin biyar, ko yana so ko ba ya so. A ce mutum ya bi shafi bayan shafi bai dace ko sau ɗaya ba? Ba a kauce wa amsar daidai a kowace tambaya sai an san inda take. Ni za a yi wa wannan wasan, a kan teburina, da farantina?

Ban jira ya dawo gida ba. Ana tashi daga makaranta na wuce tasharsu.

Na same su a tsakar tashar. An shimfiɗa tiyo a ƙasa suna bushewa, mutum biyu suna goge jar motar, takalman roba kuwa a jere a gindin bango, kowanne da wandonsa a naɗe a kansa don a zura ƙafa kawai a ja sama. Direban, dogon nan marar haƙuri, ya taso da fara'a.

"Malama, sannu da zuwa. Yaya ɗalibin naki? Mu nan ya ishe mu. Jiya ma sai da ya jera mana murafan kwano yana koya wa masu shirin jarrabawa."

"Jiya?" na ce.

"Jiya jiyan nan. Ba wadda ta gagare shi."

Na yi masa godiya. Ban buƙaci shaidarsa ba, amma ban ƙi ta ba.

Maigidana yana bayan mota yana duba tukunyar iskar da suke goyawa. Da ya gan ni ya miƙe, ya dubi fuskata, ya kawar da kai.

"Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Na zo in gaya maka ne, in za ka faɗi da gangan, ka riƙa cin ɗaya a cikin biyar. Haka marasa sani suke yi."

Ya daɗe yana murɗa bakin tukunyar nan da ba ta buƙatar murɗawa. Sannan ya zauna a kan matakin motar ya ce, "Ban iya gaya miki ba ne."

"To gaya mini yanzu."

Ya nuna masu goge mota da haɓa. "Kin ga wancan mai guntun gemun? Shi na fizgo. Matarsa wata biyu da haihuwa. Ba wanda ya ji kukan rufin nan sai ni, Malama. Ba a koyar da shi a makarantar horo, sai ka daɗe a ciki kunnenka ya saba. In na hau kujera, wa zai shiga gaba? Ina zaune ina shan iskar fanka a kawo mini labarin ɗayansu? Gara ƙirjin ya yi abin da zai yi."

Wallahi na so in yi masa ihu. Na so in ce ni fa, 'yarka fa, mu ba mutane ba ne? Tsoro nake ji, tsoron da tun ranar asibiti nake dannewa da littafi da faranti. Amma na san mutumina. In na kawo kaina da 'yarsa, zai ce Allah na nan, ya ba ni haƙuri, ya koma ya ɗauki tiyo. Sai na zauna kusa da shi a kan matakin, ban damu da maiƙon da zai ɓata mini zane ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, irin tamu. Ka amsa da gaskiya, daga nan ba zan sake buɗe littafin ba sai ka ce."

Ya ɗaga kai.

"Magana ta farko: duk wanda numfashinsa ya ɗauke a cikin wuta, sai 'yan'uwansa sun koma sun ɗauko shi. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne. Ba ma barin kowa."

"Ta biyu: duk wanda ya koma cikin wuta ɗauko wani, ransa ya saka a haɗari, ko rufi yana kuka ko ba ya yi."

"Haka ne."

"Ga ƙari, ba daga littafi ba. Numfashinka ya fara ɗaukewa. Na ji shi ranar katifu, kai ma ka ji. Mene ne dole ya biyo baya?"

Ya dubi mai guntun gemun, wanda ke can yana matse tsumma yana dariya da abokinsa.

"Shi zai fara komawa," ya ce a hankali. "Tun ranar nan yake bina kamar jela. Ko na hana shi sai ya koma."

"Dole ne ko ba dole ba?"

"Dole ne."

Na tashi na kakkaɓe zanena. Na ce masa kunnen da yake taƙama da shi ba a ƙirji yake ba, zai iya tafiya da shi ofis, ya tara su ya koya musu abin da makarantar horo ba ta koyarwa. Na ce littafin yana kan tebur, ni dai na tafi dafa abinci.

Da ya dawo ko takalmi bai cire ba ya ce, "Malama, buɗe." Muka yi shafi uku. Kuskurensa ɗaya, shi ma na gaggawa ne.

Ranar jarrabawa na raka shi har ƙofar zauren. Ga matasa riƙe da littattafai suna ta bita a tsaye, shi kuwa da furfurarsa da fensir biyu a aljihu. Na ce kada ya yi lissafin da ba a sa shi ba, kada ya shigo da kowa daga tasha cikin tambaya. Ya ce ya ji. Da ya fito na tambaye shi yaya, ya ce akwai wadda aka ce duk kifaye suna hawa bishiya, ya ɗauka, bai yi musu ba. Ban ƙara tambayarsa komai ba, na san an gama.

Sunansa ya fito a cikin na sama-sama. Direban ne ya kira ni ya faɗa, yana magana ana ta buga gwangwani a bayansa. Na ce masa ai na sani, na kashe wayar, na shiga ɗakin malamai na rufe ƙofa na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashinsa.

Bayan ya kama sabon aiki na kai masa abincin rana don in ga ofishin. Ɗan ɗaki ne a saman bene, da tebur da waya biyu da taswirar gari a bango. Farar riga ce a jikinsa, ta yi masa kyau, amma sai jan wuyanta yake. Ina zuba masa abinci wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya tambayi unguwa, ya tambayi hawa na nawa, ya tambayi ko an ga mutum da ido ko zato ake. Ya danna ƙararrawa.

A ƙasa aka fara gudu. Tagar ofishin tana kallon babbar ƙofa, sai ga jar motar ta fito da jiniya, mai guntun gemun a kujerar da ke kusa da tiyo yana ɗaure hular kwano. Maigidana ya tsaya a tagar, hannayensa biyu a kan ƙarfenta, har motar ta sha kwana. Numfashinsa yana fita sumul, ba ƙara, ni kuwa shi kaɗai nake saurare.

Na ga yadda ya ƙanƙame ƙarfen, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Gobe zan kawo labule in sa maka a tagar nan."

"A'a, bar ta haka," ya ce, bai juyo ba. "Ni na tura su. Zan tsaya in ga sun dawo."

Na rufe abincin, na jawo kujera kusa da tagar, na zauna muka jira tare.